Wasannin Bidiyo a Matsayin Kafar Wayar da Kai Game da Ciwon Damuwa: Duba Zuwa ga Kudancin Kano

Tsakure

Ciwon damuwa yana cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a duniya, amma a ƙasar Hausa ba kasafai ake gane shi a matsayin ciwo ba. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake amfani da wasannin bidiyo wajen fahimtar da jama'a wannan lalura, ta hanyar duba wasanni uku, wato Depression Quest da SPARX da Celeste. An ɗora bayanin a kan ra'in Ian Bogost, wanda ke cewa wasa yana isar da saƙo ne ta hanyar dokokinsa. Daga nan maƙalar ta auna darussan da aka samu da yanayin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. Ta nuna cewa wasan da zai yi tasiri a wannan yanki sai ya yi magana da Hausar mutanen wurin, ya yi aiki a ƙaramar waya, sannan ya nuna wa mai bugawa ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan ya ga kansa a cikin labarin.

Fitilun Kalmomi: ciwon damuwa, wasan bidiyo, wayar da kai, al'adun Hausawa, kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 280 ne suke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi. A wani ƙiyasi da hukumar ta fitar a 2017, ta nuna cewa 'yan Nijeriya sama da miliyan 7 suna ɗauke da ciwon, wato kashi 3.9 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar kuwa ba su kai 300 ba, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Sai a watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga zamanin Turawa.

Doka da asibiti suna amfanar wanda ya san ba shi da lafiya ne. Wanda shi da danginsa suka ɗauki halin da yake ciki a matsayin lalaci, ko raunin imani, ko sammu, ba zai kama hanyar asibiti ba. Saboda haka matakin farko shi ne wayar da kai. An daɗe ana wannan aiki ta rediyo da fim da wa'azi da waƙa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me wasan bidiyo, wanda matasa ke kira gem, zai iya yi wanda waɗancan kafofi ba su yi ba, kuma yaya za a saje shi da rayuwar ƙauyuka da garuruwan kudancin Kano?

2.0 Ciwon Damuwa da Sunayensa a Bakin Bahaushe

A wurin likitoci, ciwon damuwa ya bambanta da baƙin cikin da kowa kan ji idan ya yi rashi ko asara. Ana cewa mutum ya kamu da shi idan ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko rashin jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa, tare da wasu alamu kamar rashin barci ko yawansa, da canjin cin abinci, da kasala, da kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Ciwo ne da ake warkewa daga gare shi, ko dai ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam, ko ta shan magani, ko a haɗa biyun.

Hausa tana da kalmomi masu yawa a wannan fage: damuwa, baƙin ciki, ɓacin rai, ƙunci, takaici, zullumi. Sai dai duk suna nuni ne ga yanayin da ke da sanadi, wanda ake sa ran zai wuce. A ɗaya gefen kuma akwai hauka da taɓin hankali da taɓuwa, waɗanda ke ɗauke da tabon da kan hana aure a gida guda. Mai ciwon damuwa yana tsakanin waɗannan rukunai biyu. Bai yi jifa ba, bai tuɓe ba, don haka ba a kai shi magani. Ya kuma daɗe bai ware ba, don haka akan gaji da lallashinsa. Kafofin yaɗa labarai kan ce "ciwon damuwa" ko "cutar tsananin damuwa", amma mai ciwon da kansa ya fi cewa "tunani ya yi mini yawa", ko "zuciyata ba daɗi", ko "jikina duk ya mutu". Sau da yawa ciwon kai ko ciwon ƙirji zai kai wa mai kemis, a ba shi maganin zazzaɓi.

Akwai kuma batun tarbiyya. A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya a cikin ɗabi'un da Bahaushe ke auna mutum da su. Ɗabi'u ne masu kyau, sai dai su ne kan rufe bakin mai ciwo. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya yawaita kuka da halinsa akan ce ba shi da tawakkali. Abin lura shi ne, malaman Musulunci na farko ba su ɗauki lamarin haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke saukar wa mutum ba tare da dalili ba, ya kuma danganta na biyun da yanayin jiki, ya ce yana buƙatar magani.

3.0 Abin da Ya Bambanta Wasa da Sauran Kafofi

Amfani da wasa don koyarwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wasan 'yartsana yana koya wa yarinya riƙon gida, dara tana koyar da lissafi da hangen nesa, tashe kuwa yana faɗa wa manya gaskiyar da ba a iya faɗa musu kai tsaye. A Yammacin duniya, Clark Abt ya fitar da littafi a 1970 kan wasannin da ake shiryawa don wata manufa da ta wuce nishaɗi. A 2007 Ian Bogost ya faɗaɗa batun a littafinsa Persuasive Games, inda ya nuna cewa wasan bidiyo yana jawo ra'ayin mutum ne ta hanyar abin da ya ba shi damar yi da abin da ya hana shi. Mai kallon fim yana ganin abin da ya sami wani. Mai buga wasa shi ne yake zaɓa, shi yake kasawa, shi yake sake gwadawa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan har ganin an wuce shi, an kai ga ɗanɗanawa.

3.1 Depression Quest: Zaɓin da Aka Soke

Zoë Quinn da abokan aikinta biyu, Patrick Lindsey da Isaac Schankler, suka fitar da wannan wasa a 2013. Rubutu ne zalla da 'yan hotuna da sauti. Mai bugawa yana shiga rigar wani matashi mai aiki da masoyiya da iyaye, wanda ciwon damuwa ke ci a hankali. A ƙarshen kowane shafi ana jera masa abubuwan da zai iya yi. Hikimar wasan ita ce, zaɓin da ya fi dacewa, kamar ya tashi ya fita cikin abokai ya sake, yana nan a rubuce amma an ja masa jan layi, ba ya dannuwa. Gwargwadon tsanantar ciwon, gwargwadon yawan zaɓin da ake sokewa. Idan ya soma ganin likita ko shan magani, sai wasu ƙofofin su fara buɗewa.

Wannan dabara ta amsa tambayar da dangin mai ciwo suka fi yi: "Me ya hana ka tashi ka yi abin da kowa yake yi?" Mai bugawa yana ganin abin da ya kamata, yana son ya yi, amma hannunsa ba ya kaiwa. Cikin 'yan mintuna zai gane cewa mai ciwon ya san daidai, ƙarfin aikatawa ne ciwon ya ƙwace masa. Wasan ba ya ƙarewa da waraka ta dare ɗaya. Mafi kyawun ƙarshensa shi ne mutum ya samu sauƙi yana ci gaba da neman magani.

3.2 SPARX: Wasan da Aka Gwada a Asibiti

Masana a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, ƙarƙashin jagorancin Sally Merry, suka ƙirƙiro SPARX domin matasa. An gina shi a kan hanyar jinya ta gyaran tunani da ɗabi'a. Mai bugawa yana ratsa larduna bakwai na wata ƙagaggiyar duniya da duhu ya mamaye, yana yaƙar wasu baƙaƙen ƙwari waɗanda ke wakiltar munanan tunane-tunanen da kan faɗo wa mutum, irin su "ni ba ni da amfani". A kowane mataki yana koyon dabara ɗaya: sarrafa numfashi, ko warware matsala daki-daki, ko gane tunanin da ba gaskiya ba ne. Akwai jagora da ke magana da shi a farko da ƙarshen kowane mataki, yana nuna masa yadda zai yi amfani da darasin a rayuwarsa.

A 2012 mujallar likitoci ta BMJ ta buga sakamakon gwajin da aka yi da matasa 187 masu shekara 12 zuwa 19. An gano cewa wasan bai gaza jinyar da aka saba yi ido da ido ba ga masu ciwo mara tsanani da matsakaici. Kusan kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka buga shi sun rabu da alamun ciwon, a yayin da aka samu kashi 26 a ɗaya rukunin. Wani darasi mai muhimmanci ga masu nazarin Hausa shi ne, an sanya zane-zane da alamomin al'adun Maori, 'yan asalin ƙasar, a cikin wasan. Da aka kai shi wurin matasan Inuit a arewacin Kanada kuma, sai da aka sake masa kama don ya dace da su.

3.3 Celeste: Sulhu da Kai

Celeste, wanda ya fito a 2018, wasan nishaɗi ne na kasuwa. Wata budurwa mai suna Madeline ce take hawan dutse, tana fama da fargaba da ƙuncin rai, waɗanda suka fito mata a siffar wata inuwarta mai hana ta ci gaba. Duk ƙoƙarinta na gudu daga inuwar ko yakice ta bai haifar da komai ba sai faɗuwa. Ba ta kai ƙololuwa ba sai da ta saurare ta, suka haɗa ƙarfi. Mai bugawa yakan faɗi sau ɗaruruwa, wasan kuma yana mayar da shi kusa da inda ya faɗi ba tare da tsangwama ba. Saƙon yana cikin wannan tsari: faɗuwa ba abin kunya ba ce, kuma ciwon ba maƙiyi ne daga waje da za a kora da duka ba.

4.0 Yanayin Kudancin Kano

Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa yanki ne na noma. A Bebeji madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974, ta zama ginshiƙin noman rani a jihar. Kwanar Ɗangora ta Ƙiru mahaɗa ce a kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Tudun Wada da Doguwa sun shahara da masara da shinkafa da rake, dajin Falgore ya ratsa tsakaninsu, Riruwai kuma tsohon garin haƙar kuza ne. Ban da Hausawa, akwai Fulani makiyaya da Kurama, akwai Musulmi da Kirista.

Abubuwan da kan tunzura ciwon damuwa a irin wannan yanki sanannu ne: bashin taki da damina ba ta biya ba, da faɗuwar farashi bayan girbi, da asarar shanu, da zaman banza bayan kammala makaranta, da mutuwar aure, da jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sama da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego a duniya suna kamuwa da ciwon. Matashin da bai san sunan abin da ke damunsa ba kuwa, yakan nemi sauƙi a wurin ƙwaya. Matsalar ta kai gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, kuma a garin Ƙiru ne gwamnatin Kano ta kafa cibiyar gyaran tarbiyyar masu shaye-shaye.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna birni, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Mutumin Riruwai sai ya yi tafiyar sama da kilomita 100 kafin ya shiga Kano, Dawanau kuwa tana can hanyar Katsina, sai ya ratsa birnin. Sunan Dawanau kansa ya zama abin zolaya a bakin jama'a, har mai ciwon damuwa kan ƙi zuwa don kada a ce ya haukace.

A gefe guda, wasan bidiyo ya riga ya shiga yankin. A manyan garuruwa akwai gidajen gem inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation da wutar janareta ko sola. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix suna hannun matasa, ana tura wa juna wasanni da fina-finai ta Xender ba tare da data ba, masu shagon caji kuma su ne dillalan wannan kaya. Hanyar rarrabawa tana nan a shimfiɗe. Abin da ya rage shi ne kayan da za a ɗora mata.

5.0 Siffofin Wasan da Zai Dace da Yankin

Na farko shi ne harshe. Wasannin da aka ambata da Ingilishi aka yi su, kuma fassara kalma da kalma ba za ta wadatar ba. A ƙasar Zimbabwe, shirin Friendship Bench da Dixon Chibanda ya assasa a Harare ya yi nasara ne saboda ya ɗauki kalmar da masu jin harshen Shona ke amfani da ita, kufungisisa, wato yawan tunani, ya gina jinya a kanta, ya kuma horar da tsofaffin mata su saurari masu ciwo. Bahaushe ma "yawan tunani" yake cewa. Wasan da ya fara da wannan lafazi zai samu shiga inda "taɓin hankali" zai tarar da ƙofa a rufe. Ya kamata kuma a sa murya a kan kowane rubutu, domin ba kowa ne ke karanta boko ba.

Na biyu shi ne labari. A ƙaddara wasa a kan wata ƙagaggiyar mai jego, Talatu, a wani ƙauye na Ƙiru. An yi suna, 'yan barka sun watse, ita kuwa ba ta barci, ba ta jin ɗokin jaririn, tana kuka a ɓoye. Uwar mijinta ta shigo ta ce, "'Yar nan, lafiya kike kuwa?" Zaɓi uku ya bayyana. "Inna, ba ni da lafiya, a kai ni asibiti" yana nan amma an soke shi. Saura "Lafiya lau, Inna" da yin shiru. A zagaye na biyu sai mai bugawa ya koma matsayin mijin, ko uwar mijin, ko ungozoma, ya ga yadda kalma ɗaya daga bakinsa take buɗe wa Talatu zaɓi ko ta rufe. Wannan juyi yana da muhimmanci, domin a gidan Bahaushe ba mai ciwo ne yake yanke shawarar neman magani ba. Miji ne, ko uba, ko wa. Su ne wayar da kan ta fi kamata.

Na uku, kada wasan ya mayar da malami ko mai maganin gargajiya abokin gaba. Su ne ake fara zuwa wurinsu, kuma wasan da ya yi musu izgili ba zai kwana a waya ba. Ya fi dacewa a nuna malamin da ya yi addu'a sannan ya ce a je asibiti, tunda neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Na huɗu, ya zama mara nauyi, mai aiki ba tare da intanet ba, wanda za a iya turawa daga waya zuwa waya. Gidan gem wurin samari ne. Matan aure da 'yan mata ta waya kaɗai za a same su, wayar ma sau da yawa ta aro ce, don haka kada wasan ya adana amsoshin da za su tona asirin mai bugawa.

6.0 Tarnaƙi da Abubuwan Kiyayewa

Akwai iyaye da malamai da ke kallon gem a matsayin ɓata lokaci, kuma tsoronsu yana da tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Wasan wayar da kai ya kamata ya zama gajere mai ƙarshe, wanda ba ya jan mutum ya kwana a kansa.

Haka kuma wasa ba likita ba ne. Gwajin SPARX bai haɗa da matasan da ake fargabar za su cutar da kansu ba, kuma an yi shi ne a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Batun kisan kai yana buƙatar taka-tsantsan na musamman: kada a nuna hanya, kada a ƙawata shi. A arewacin Nijeriya sashe na 231 na kundin Finalkod ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, abin da kan ƙara sa iyalai su ɓoye.

Babban haɗari shi ne a farkar da mutum a bar shi a tsaye. Idan Talatu ta gaske ta gane ciwonta ta je ƙaramin asibitin garinsu, dole ta tarar da wanda zai fahimce ta. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane irin waɗannan cututtuka su kuma kula da su. Wasan da ba a haɗa shi da irin wannan horo a asibitocin yankin ba, zai ƙara yawan masu tambaya ne ba tare da mai amsawa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin wasan bidiyo yana cikin dokokinsa. Depression Quest ya sa lafiyayye ya ɗanɗani yadda ciwo ke ƙwace zaɓi, SPARX ya tabbatar da cewa ana iya koyar da dabarun jinya ta hanyar wasa, Celeste kuma ya nuna cewa faɗuwa da tashi suna cikin tafiyar. A Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa akwai buƙata, akwai wayoyi, akwai kuma hanyar rarrabawa. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne tattara lafuzzan da mutanen yankin ke bayyana ƙuncinsu da su, maza da mata, manoma da makiyaya, a tantance su tare da likitoci, sannan a miƙa wa marubuta da masu ƙirƙirar manhaja. Mai ƙirƙirar manhaja zai iya soke zaɓi da jan layi, amma wanda ya san harshe da al'ada ne kaɗai zai faɗa masa wace magana ce take maƙalewa a maƙogwaron mai jego idan uwar mijinta ta tambaye ta lafiya.